Giya marar barasa mai gishiri, mai hayaƙi da mai barkono: wace ce ta ci kuɗinta?

Kwali ne na gwangwanaye kala-kala daga wani ƙaramin kamfani, kowane da nasa haɗin, dukkansu kuma marasa barasa. Kafin a saya a duba jikin gwangwanin da kyau. A ƙasashe da dama, ciki har da Amurka da Jamus, abin sha mai barasa har kusan kashi 0.5 cikin ɗari ana iya kiransa "marar barasa". Wanda bai son ko ɗigo sai ya nemi mai rubutun 0.0. Na cikin kwalin nan duk 0.0 ne.

Wadda ta burge ni ita ce Gose. Asalinta garin Goslar ne na Jamus, daga baya ta yi suna a Leipzig, kuma da alkama ake yinta a zuba gishiri da 'ya'yan kusbara. Tsaminta daga ƙwayoyin da ke tsamantar da madara yake fitowa. Da jin an ce gishiri a cikin abin sha sai mutum ya yamutsa fuska, amma ɗan kaɗan ne, sai bayan ka haɗiye kake jinsa a gefen harshe. Matsalar yawancin giya marar barasa ita ce salam take, ko kuma zaƙin tsiron sha'ir ya yi mata yawa, domin barasar da aka cire ita ke ba ta kauri a baki. A Gose tsami da gishiri sun toshe wannan giɓin. Mai lemun tsami a ciki ma ta fi daɗi, musamman da sanyinta sosai.

Mai hayaƙin an kwaikwayi Rauchbier ne, giyar garin Bamberg na Jamus, inda ake busar da tsiron sha'ir a kan wutar icce. Kurɓin farko kamar ka sha ruwan da ya kwana kusa da murhu. Zuwa tsakiyar kofi hancina ya saba, ɗanɗanon gasasshen hatsi ya fito. Ba ta shan yau da gobe ba ce, amma ta yi.

Baƙar mai cakulan da banila kuwa zaƙinta ya wuce misali. Sun sa mata sukarin madara, wanda yistin giya ba ya iya cinyewa, don haka yana nan daram a cikin gwangwani. Wanda madara ke ɓata wa ciki ya kiyaye. Ban iya shanye ta ba.

Mai barkono da mangwaro ita ce ta fi kyan gwangwani, ita ce kuma ta fi ba ni haushi. Yajin ya tsaya a maƙogwaro ya danne komai, mangwaron ƙamshi kawai, ɗacin hops, furen da ke ba giya ɗaci, kuwa ko alamarsa. Ga dukkan alamu an zuba barkonon ne don a ja hankalin mai saye. A 1516 hukumar Bavariya, wani yanki na Jamus, ta taƙaita kayan giya ga ruwa da sha'ir da hops. Ni dai ban goyi bayan wannan tsaurin ba, tunda da shi za a bi da Gose ba ta shiga ba, amma bayan wannan gwangwanin sai da na ɗan tausaya wa masu dokar.

In zan sake saye, kwalin Gose zalla zan ɗauka, in ƙara mai hayaƙi ɗaya ko biyu.