Waya ko na'urar GPS: me za a saya don taswirar mashaya?

Idan ƙungiyar makiyaya a yankin Abalak ko Cintabaraden na Nijar ta yanke shawarar sanya rijiyoyinta da tafkunanta da burtalinta a taswira, gardamar farko a kan kayan aiki take tashi.

Na'urar GPS ta hannu, irin Garmin eTrex, batir biyu na AA take ci, tana kai wajen awa 25 kafin su mutu. Ƙura ba ta dame ta ba, haka ruwan sama. Sai dai wuri kawai take riƙewa da kyau. Rubuta bayani da 'yan maɓallanta azaba ce.

Ni dai waya nake ba da shawarar a saya, mai Android, mai babban batir. Da yawa suna zaton sai da sabis take gane wuri, alhali kai tsaye take sauraron tauraron ɗan'adam. Tun kana gari ka sauke taswirar yankin a manhajar taswira ta OsmAnd, ka shirya tambayoyinka a manhajar tattara bayanai ta KoboCollect, duka biyun suna aiki a daji. A bakin kowace rijiya ka ɗauki hoto, ka rubuta gaba nawa ne zurfinta, wa ya haƙa ta, a wane wata ruwanta ke ja baya, da dabba ake jan guga ko da inji. Ka rubuta kuma mutanen da ke da fifiko a kanta, domin dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta amince da wannan haƙƙi, kuma rigimar mashaya yawanci daga nan take farawa. Raunin waya zafi ne: a ranar Afrilu takan kashe kanta. A sa kuɗin ƙaramin faifan sola da jaka mai inuwa cikin lissafi.

Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta ne, ana sabunta su kusan duk kwana 5. Za su nuna maka yadda babban tafki irin na Tabalak ke raguwa bayan damina, amma kowane ɗigo a hoton mita 10 ne, bakin rijiya ba zai fito ba.

Jirgi mara matuƙi kuwa a haƙura da shi: batirinsa kusan rabin awa ne, ga neman izini, ga halin tsaro. Kuɗinsa gara a biya dattijon makiyayi da zai yi rakiya, a sayi man babur.