Yawon Gari da Jirgin Ruwa Ke Sayarwa a Tekun Bahar Rum: Inda Ya Ci Kuɗinsa da Inda Bai Ci Ba

Masu shirya tafiye-tafiye a Kaduna sun fara tallata hutun mako guda a jirgin ruwa, irin wanda kamfanoni kamar MSC da Costa ke yi a yammacin Bahar Rum, inda ake kwana bakwai ana ratsa Barcelona, Marseille, Genoa, Napoli ko Civitavecchia, wani lokaci har da Malta. Kuɗin da aka biya tun farko ya ƙunshi ɗaki da abinci. Abin da bai ƙunsa ba shi ne fita yawo a kowane gari da jirgin ya tsaya, kuma nan ne aljihu ke yoyo. Jirgin yana da tebur na musamman da manhajar waya da ke sayar da wannan yawo, bas da jagora da tikitin shiga wurare, duk a dunƙule. Wannan hidimar muka sa a sikeli.

Hukuncinmu tun farko: tana da amfani ƙwarai a tasha biyu ko uku, a sauran kuwa sayen ruwa ne a bakin rijiya.

Abin da mutum yake saya da gaske shi ne jira. Kowace safiya ana rubuta lokacin da dole kowa ya dawo, galibi minti 30 kafin jirgi ya ɗaga. Wanda ya fita a bas ɗin da jirgi ya shirya, in cunkoso ya riƙe su a hanya, jirgi zai jira ko kamfani ya ɗauki nauyin kai su tasha ta gaba. Wanda ya fita da ƙafarsa kuwa, ba a jiransa. Ba motar Kawo ba ce da za a ce wa direba "Malam, ɗan dakata, tana zuwa." Kyaftin yana da lokacin da hukumar tasha ta ba shi. Wanda aka bari shi zai biya otal da jirgin sama ko na ƙasa ya cim musu gaba, kayansa kuma suna can cikin ɗaki sun yi gaba.

Shi ya sa Rum, babban birnin Italiya, ita ce wurin da hidimar ta fi cancanta. Jirgi ba ya shiga Rum, yana tsayawa ne a Civitavecchia, wajen kilomita 80 daga birnin, kwatankwacin Kaduna zuwa Zariya. Mai son tafiya da kansa sai ya hau bas ɗin cikin tasha zuwa ƙofar fita, daga nan ya yi tafiyar ƙafa ta kusan minti 20 ko ya sake hawa wata bas zuwa tashar jirgin ƙasa, sannan ya yi sa'a ɗaya ko fiye kafin ya isa Roma Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum. Mai nufin fadar Fafaroma gara ya sauka a Roma San Pietro, ta fi kusa. Tikitin jirgin ƙasan bai kai yuro 10 ba, yawon jirgin ruwa kuwa ya ninka wannan sau da yawa, don haka kwaɗayin rangwamen a fili yake. Amma akwai tarko biyu. Tikitin takarda dole a sa shi cikin ƙaramar na'urar da ke tashar ta buga masa lokaci kafin a hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci tara, ba ruwansa da cewa kai baƙo ne. Na biyu yajin aiki. Ma'aikatan sufuri a Italiya suna yawan yinsa, ana sanarwa tun da wuri, kuma sa'o'in da doka ta tilasta a yi jigila a ranakun aiki su ne 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na dare. Mai jirgin da zai tashi ƙarfe 7 na yamma ka ga wannan bai fishe shi ba. Iyali mai yara ko dattawa, ko wanda wannan ne zuwansa Turai na farko, ya biya kawai. Akwai ma zaɓi mai sauƙin kuɗi wanda bas ce kawai za ta kai ka tsakiyar Rum ta ba ka sa'o'i ka yi yawonka, ta dawo da kai. Shi muka fi yabawa, domin yana ba da garantin jira ba tare da an kora mutum kamar garken tumaki ba.

Aibin cikakken yawon shi ne gaggawa. Mutum 40 ko fiye a bas ɗaya, kowa da na'urar sauraro a kunne, jagora na gaba riƙe da ɗan allo mai lamba. Minti goma a nan, a ɗauki hoto, a wuce. Wani lokaci a ɓata rabin sa'a a shagon kayan tsaraba da aka riga aka shirya da shi. A karanta bayanin da kyau kafin a biya, don "ganin Colosseum", tsohon dandalin wasan Rumawa, yana iya nufin tsayawa a waje kawai. Shiga ciki tikiti ne mai lokaci, haka ma gidan tarihin fadar Fafaroma, wanda yake rufe ranar Lahadi sai Lahadin ƙarshen wata.

Napoli rabi da rabi ce. Jirgi yana tsayawa a tsakiyar gari, ana sauka ga ganuwar Castel Nuovo nan a gabanka, ba ka buƙatar kowa. Amma mai son ganin Pompeii, garin da dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya, zai hau jirgin ƙasa na Circumvesuviana na kusan minti 40, mai cunkoso da masu yankan aljihu. Wurin kuma fili ne mai faɗi, babu inuwa, duwatsun hanya ba su daidaita ba. Jagora a nan yana da amfani, don ba tare da shi ba kango kawai za ka gani. A sa takalmi mai rufi, silifas ba zai yi ba.

A Malta kuwa sayen yawon Valletta, babban birnin ƙasar, asara ce. Daga inda jirgi ya tsaya ana takawa 'yan mintuna zuwa na'urar hawa ta Barrakka, mai tsawon mita 58, ta ɗaga ka zuwa lambun da ke saman gari da ɗan canji. Ƙarfe 12 na rana ana harba igwa a nan, garin kuma ƙarami ne, ƙafa ta ishe shi, mutane suna jin Turanci. Genoa ma haka, tsohuwar tasha da gidan kifaye suna kusa. Barcelona akwai bas mai kai mutane daga tasha zuwa gunkin Columbus a ƙasan titin La Rambla, daga nan jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai ka ko'ina. Tikitin cocin Sagrada Familia dai a saye shi ta intanet tun daga gida, yana ƙarewa da wuri. Waya a aljihun gaba, jaka a ƙirji, Hajiya kar a rataya ta baya ƙarƙashin mayafi a ce ta ɓuya.

Wani abin da tebur ɗin jirgi ba ya faɗa da ƙarfi: a wasu tashoshi, irin Santorini ta Girka ko Cannes ta Faransa, babban jirgi ba ya matsowa gaɓa, ƙananan jirage ne ke jigilar mutane. Waɗanda suka sayi yawo su ake fara fitarwa, saura su karɓi lamba su jira, a ci sa'a guda ko fiye. A irin wannan tasha kuɗin yawon yana saya maka safiya.

Ga mai fasfo na Nijeriya akwai maganar biza, wadda ta fi duk wannan nauyi. Bizar Schengen, ta yankin ƙasashen Turai da ake ratsawa da biza ɗaya, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 a 2024, ana bayar da ita ta shiga sau ɗaya ko sau da yawa. In hanyar jirgi ta ratsa Tunisiya ko Turkiyya, an fita daga yankin ke nan, komawa kuma shiga ce ta biyu, don haka a nemi ta shiga sau da yawa, a kuma tambayi sharaɗin waccan ƙasar daban. Sayen yawon jirgi ba ya maye gurbin biza, kuma ana iya hana mutum hawa tun ranar farko in takardunsa ba su cika ba. A nuna wa ejan jerin tashoshin gaba ɗaya kafin a kama hanyar Rigasa zuwa Abuja neman biza.

Agogo ma yana kayar da mutane. Lokacin zafi Italiya da Faransa suna gaban Nijeriya da sa'a ɗaya, Girka da biyu, Tunisiya kuwa daidai take da mu. Waya tana canza lokaci da kanta, amma lokacin da ake aiki da shi shi ne na jirgi. A daidaita agogon hannu da shi, a ɗauki hoton takardar shirin ranar, don a jikinta ake rubuta lambar wakilin jirgi a wannan tasha, mutumin da za a kira in an makara.

Ta fuskar abinci da salla hidimar ba ta yi tunaninmu ba. Yawon da ya haɗa da abincin rana a Italiya sau da yawa yana zuwa da naman alade yankakke da giya a kan tebur. A sanar tun wajen biya cewa kifi ko ganye ake so, ko a zaɓi yawon da babu abinci a ciki. A Marseille, inda tasha ke da nisa da gari har sai an hau mota, unguwar Noailles cike take da mahauta da gidajen abincin halal na 'yan Arewacin Afirka. Babu bas ɗin da za ta tsaya don azahar. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, sai a yi alwala kafin fita a riƙe ƙaramar darduma. Babban masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, yana can arewacin birni nesa da inda bas ke ajiye mutane, mai son Juma'a a can sai ya ware kuɗin tasi, ya kuma lissafa komawa wurin bas da ratar sa'a guda aƙalla.