Mako takwas na gashin leza da motsa jiki a gwiwar Auta

Auta tana da shekara 7 lokacin da ta daina durƙusawa. Ban lura da wuri ba, sai da malamar Islamiyyarsu ta aiko mini cewa yarinyar nan ba ta iya naɗe ƙafa a kan tabarma. Da safe kuwa sai ta yi kusan awa guda tana ɗingishi kafin ƙafar hagun ta saki. Gwiwar ta kumbura, in kika taɓa sai ki ji ɗumi. Aka ce sanyi ne, aka ce targaɗe ne, har kakarta ta kai ta wajen mai ɗori. Muka yi gwajin sikila, ya nuna AA. Sai da muka ci wata biyar muna yawo kafin wani likitan yara a nan Kano ya tura mu wajen likitan gaɓɓai.

Shi ne ya faɗa mana sunan ciwon, amosanin gaɓɓai na yara. Ni da na ɗauka amosani na tsofaffi ne kawai. Ya yi mini bayani cewa garkuwar jikin yaro ce ke juyowa ta afka wa shimfiɗar da ke cikin gaɓa, kuma ana ba shi wannan suna idan ya fara kafin shekara 16 ya kuma wuce mako 6. Na Auta shi ne irin wanda ke kama gaɓa huɗu ko ƙasa da haka, kuma ya fi son gwiwar yara mata. Ya ɗora ta a kan wani magani mai suna methotrexate sau ɗaya a mako tare da folic acid, da gwajin jini lokaci zuwa lokaci. Ya kuma ja kunnena kan zuwa wajen likitan ido, domin ciwon yana iya kumbura cikin ido ba tare da yaro ya ji zafi ko idon ya yi ja ba.

Magani ya rage kumburin, amma ya bar mana ƙafa da ta rame. Cinyar hagu ta zama siririya, gwiwar ba ta miƙewa sarai, ba ta kuma lanƙwasuwa sarai. Wannan ya kai mu wani wurin gashin ƙashi mai zaman kansa, inda aka tsara mana zama uku a mako har mako takwas: leza tukuna, motsa jiki ya biyo baya.

Da na ji an ce leza gabana ya faɗi, na zaci irin wadda ake yanka da ita a tiyata ce. Ashe wannan mai ƙaramin ƙarfi ce, ba ta yanka, ba ta ƙuna. Na'urar ba ta fi ƙaramar rediyo ba, da wani kai kamar tocila a bakin waya. Mai gashin, wadda Auta ke kira Anti, ta ba mu baƙin tabarau mu duka uku, domin hasken yana iya lahanta ido. Na Auta ya yi mata girma, sai ta riƙe shi da hannu biyu. Anti ta ɗora kan na'urar a gefen ƙoƙon gwiwa, ta jira ta yi ƙara, ta matsa zuwa wani wuri, haka har ta zagaye gwiwar. Duka bai kai minti goma ba. Auta ta ɗago ta ce, "Umma, an gama? Ban ji komai ba." Daga baya Anti ta ba ni labarin cewa wani likita ɗan ƙasar Hungari, Endre Mester, ne ya fara lura da aikin irin wannan haske a 1967, da ya ga gashin ɓerayen da ya haska ya fi saurin tsirowa.

Abin da na gani da idona shi ne, bayan lezar zafin yana lafawa, yarinya ta yarda a taɓa mata ƙafa. Wajen mako na uku sandarewar safe ta ragu har tana shiryawa makaranta ba kuka. Sai dai a daidai lokacin tana shan maganinta kuma tana motsa jiki, saboda haka ba zan ɗauki yabon duka in ba na'ura ba. Ita kanta Anti ba ta ɓoye mini ba. Ta ce, "Maman Auta, hasken nan rage zafi yake yi na ɗan lokaci, binciken da aka yi a kan yara kuma bai da yawa. Aikin gaske yana kan katifar can."

Katifar kuwa nan aka sha daga. A kwantar da ita, a sa naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin diddige, a ce ta danna bayan gwiwa ƙasa ta ƙirga goma. Ta ɗaga ƙafa a miƙe. Ta ja diddige zuwa baya a hankali. Daga baya aka hau da ita keken da ba ya tafiya, aka koya mata tsayuwa da ƙafa ɗaya tana kama ƙwallo. Ranar farko ta yi kuka har da shessheƙa, ni ma na juya fuska bango. Abin da ya sa na amince da Anti shi ne ba ta taɓa murɗa ƙafar da ƙarfi ba. Ta koya mini bambanci tsakanin jan tsoka, wanda ake daurewa, da zafin da ke cikin gaɓa, wanda ake tsayawa nan take. Ranar da gwiwa ta yi ɗumi ta kumbura, sai ta rage aikin zuwa motsi mai sauƙi kawai. A gida kuma muka cika tsohuwar safar babanta da yashi, muna ɗaura mata a idon sawu bayan sallar asuba, yayyenta na taya ta ƙirga.

Akwai abin da ya ɓata mini rai. Wanda ke karɓar kuɗi a wurin ya ce mini da bakinsa in muka gama zaman lezar za ta warke, har ba sai mun ci gaba da "maganin Bature mai ƙarfi" ba. Wannan magana tana da haɗari. Uwar da ta gaji da gwajin jini za ta iya ɗauka ta ajiye magani, ciwon ya ci gaba da cin gaɓa a ɓoye. Na kai ƙara wajen Anti, ta ba ni haƙuri. Sau biyu kuma muka je babu wuta, janareta ya ƙi tashi, muka yi motsa jiki kawai muka dawo, amma sai da na yi magana kafin a mayar mana da zaman. Kuɗin ma ba wasa ba ne, zama ɗaya da lezar ya kai cefanen gidana na kwana biyu, ban da na adaidaita sahu.

In wata uwa ta tambaye ni, zan ce ta fara da likitan gaɓɓai da na ido, sannan ta nemi mai gashin da ta iya yara. In zafi ya hana yaro motsi kuma da hali, a haɗa da leza na ɗan lokaci. In kuɗin na abu ɗaya ne, a ba motsa jiki.

Mun tsayar da lezar bayan mako takwas, safar yashi kuwa tana nan rataye a ƙofar ɗaki. Da hunturu ya shigo sandarewar ta ɗan dawo, sai na riƙa gasa mata gwiwar da tawul mai ɗumi kafin mu fara. Ranar Juma'ar da ta wuce na idar da sallar magariba, na waiga na gan ta a bayana ta yi zaman tahiya, ƙafar hagu a naɗe ƙarƙashinta. Ta ɗan karkata zuwa dama, amma ta zauna har ta yi sallama.