Motarka na ɗaukar zafi a gosulo? Kafin ka sayi lagireto ka duba fanka

Duk wanda yake bin Kantin Kwari ko Bata ko hanyar Kurna da rana tsaka, musamman Afrilu da Mayu da zafin Kano ke wuce digiri 40, ya san yadda ake cin karo da mota an ɗaga bonet tana hayaƙi mai ita na neman ruwan leda. Mafi yawansu kuma washegari Ƙofar Ruwa za su nufa su sayi lagireto, alhali sau da yawa ba ita ce matsalar ba.

Ga yadda za ka gane. In allurar zafin inji na hawa ne kawai lokacin da kake tsaye a cunkoso, da ka samu hanya ka taka sai ta sauko, to iska ce ba ta isa, don in kana gudu iskar gaba ce ke sanyaya lagireto, in ka tsaya kuwa fanka ce kaɗai ke wannan aikin. Amma in a kan titin Zariya kana gudu ma allura hawa take, nan ne za a fara zargin lagireto ta toshe ko wata-famfo (famfon da ke zagaya da ruwa a inji) ya gaji ko tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi) ya maƙale.

To mu fara da fanka tunda nan rikicin yake. Kafin ka ciro ko sisi, ka sa mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya duba fiyus da rilai da soket, don wani lokacin abin da ya kashe fankar bai kai kuɗin man da za ka sha zuwa kasuwa ba. In motan fankar, wato ɗan injin da ke juya ta, ne ya mutu, akwai mai canja masa burushi, shi ne mafi araha amma ni dai ina ɗaukarsa na wucin gadi ne. Akwai sabuwar fanka 'yar kwali, tana da kyan gani, sai dai wasu ba su da ƙarfi, za ka ga tana juyawa amma iskar ba ta kai ta kawo ba, kai kuma ka saki jiki tunda ai ka sa sabuwa. Sai kuma 'yar Beljiyam wadda aka ciro daga mota irin taka, ita na fi so in dai mai shagon zai haɗa ta da batir a gabanka, ka ji ƙarfin iskar da hannunka, ka kasa kunne ko tana ƙara, ka girgiza fiffiken ka ga ko yana lilo. In ya ce ba sai an gwada ba ka yi gaba, shaguna da yawa. Bayan an ɗaura kuma a tabbatar iska take jawowa ciki wajen inji, don akwai masu juya waya.

Maganar haɗa fanka dairek kuwa, wato da ka kunna mota ta tashi, bakanike zai ce maka Alhaji haka kowa ke yi a garin nan. Zai fitar da kai ranar da ka maƙale, amma fankar za ta yi saurin mutuwa kuma ainihin abin da ya lalace yana nan ba a taɓa shi ba.

In ta tabbata lagireto ce, ka fara da wanki, ciki da waje, don ƙurar hunturu da ledoji na cika tsakaninta da kwandensan esi da ke gabanta har iska ta kasa wucewa. In ta ruɓe ko robar samanta ta tsage, kar ka ɓata kuɗi a gam, sai dai canji. Dabul sel, wato mai layin bututu biyu, ta fi singul sel mai layi ɗaya ɗaukar ruwa kuma a zafinmu tana taimakawa, amma ka je da tsohuwar a auna, don wata kaurinta ba zai bar fanka ta zauna daidai ba, in motarka otomatik ce kuma ka duba akwai bakin tiyon man giya. 'Yar Beljiyam a nan sai a hankali, ka leƙa cikinta, in ka ga jan tsatsa ko farin gishiri-gishiri ka bar musu kayansu, a toshe bakunanta a gwada ko tana yoyo kafin ka biya.

Murfin lagireto mutane sun raina shi. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa, akwai lamba a kansa, galibi 0.9 ko 1.1, ka sayi irin lambar da motar ta zo da ita. In robarsa ta bushe canja kawai.

Ruwa kuma, na famfo da na rijiya su ke kawo tsatsa da toshewa. Kulan, wato ruwan sanyaya inji na galan, in na gaske ne ya fi ruwa zalla jure zafi kafin ya tafasa kuma yana hana tsatsa, amma a kula, ba duk abu mai kala ne kulan ba, wani ruwa ne aka zuba wa launi aka sa a galan. Ka karanta jikinsa ko haɗaɗɗe ne ko sai an sirka rabi da rabi, kar kuma ka cakuɗa iri biyu. Tamostat ma in ya lalace sabo za ka saya, ba cire shi za a yi a yar ba kamar yadda aka saba, don in babu shi inji na daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, mota kuma ta ƙara shan mai.

In allura ta riga ta kai ja, ka samu gefe ka kashe, kar ka kuskura ka buɗe murfin da zafinsa, ruwan zai iya sale maka fuska. Bayan ta huce ka duba, in baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi mai yawa, ko ruwa na kumfa a bakin lagireto inji na aiki, to galibi gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, sai an sauke tof silinda, wato kan injin, an auna ko ya lanƙwashe kafin a yi maganar sayen komai.