Gargaɗi ga ɗalibai masu neman ɗakin haya na ɗan lokaci a Madina da Jidda

Akwai wata damfara da ke yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na ɗalibanmu, musamman sababbin zuwa Jami'ar Musulunci ta Madina, da masu son kawo iyalinsu ziyara na 'yan watanni, da kuma masu horon aiki a asibitocin Jidda. Ana sanya hoton shuƙƙa, wato sashen gida na haya, mai kayan ɗaki, a ce tana kusa da Harami ko kusa da wurin aiki, a sa mata kuɗin da bai kai rabin abin da ake biya a unguwar ba. Duk wanda ya zauna a Madina ya san cewa haya tana tashi sosai a Ramadan da lokacin aikin Hajji, don haka wannan arahar ita ce abin da ya kamata ya fara tsorata mutum.

Mai tallar yakan yi magana da Hausa tsantsa, ya kira ka ɗan'uwa, ya ce don Allah yake taimakon ɗalibin ilimi. Idan ka nemi ganin ɗakin sai ya ce ya yi tafiya zuwa Riyad, mabuɗin yana hannun mai gadi, kuma akwai wani da ke shirin biya yau da dare, saboda haka ka turo arabun, wato kafin alƙalami, a riƙe maka. Asusun da zai ba ka kusan kullum ba sunansa ne a kai ba. Da kuɗin sun shiga, lambar wayarsa ta daina shiga. Wani salon kuma shi ne ɗan hayar da wa'adinsa ya kusa ƙarewa ya karɓi kuɗin mutum biyu ko uku a kan ɗaki guda, ya ɓace, ya bar su da mai gida wanda bai san da zamansu ba.

Mafi muni a ganina shi ne wanda zai nemi hoton iƙamarka, wato katin izinin zamanka a ƙasar, sannan ya ce ka amince da buƙatar da za ta shigo maka a Nafath, manhajar gwamnatin Saudiyya ta tantance shaidar mutum, wai don a rubuta yarjejeniya. Wannan amincewa tana iya buɗe masa hanyar yin mu'amala da sunanka, kuma abin da zai biyo baya ya fi asarar kuɗin arabun nauyi ga baƙon da ke zaune da bizar karatu.

Hukuma ta riga ta shimfiɗa tsari. Yarjejeniyar hayar gida ana rajistarta ne a dandalin intanet na gwamnati mai suna Ejar, kuma tun daga 15 ga Janairun 2024 aka wajabta biyan kuɗin hayar gidajen zama ta hanyoyin dandalin. Dillali halastacce yana da lasisin Fal daga hukumar kula da gidaje da filaye, la'adarsa kuma kashi 2.5 cikin ɗari ce na kuɗin hayar, sai fa idan an rubuta wata yarjejeniya daban. Gidajen da ake bayarwa na kwana ko na wata da kayan ɗaki suna buƙatar lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido. Ka nemi lambar lasisin, ka tura tsohon ɗalibi ya taka ƙafa ya ga ɗakin idan kai ba ka iso ba tukuna.

Wanda aka riga aka cuta kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya sanar da bankinsa nan take, ya adana saƙonnin da shaidar tura kuɗin, sannan ya kai ƙara ta manhajar jami'an tsaro ta Kollona Amn ko ofishin 'yan sanda mafi kusa.