Ɗan famfon tayar da na raina kafin mu kama hanya

Ba da son raina na saye shi ba. Uwargida ce ta nace, ta ce tafiyar awa tara da yara uku a baya ba a shiga ta da ka. Famfon iska ne na lantarki, bai fi ƙaramar rediyo girma ba, ana soka wayarsa a ramin kunna taba na mota.

Da asubar ranar tafiya na gwada shi, a nan ya fara kunyata ni. Ashe lambar da ke jikin taya, wadda na daɗe ina bi, iyakar iskar da tayar za ta iya ɗauka ce. Ainihin ma'aunin yana kan 'yar takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, tawa 33 PSI ta nuna (PSI shi ne awon ƙarfin iskar da ke cikin taya). Kuma tun taya na da sanyi ake aunawa, domin gudu yana ɗumama iskar, lambar ta hau. Ta baya ta hagu 26 na samu, alhali a ido lafiyarta ƙalau. Irin wannan ce ke shan mai, ta yi zafi a doguwar hanya har ta kai ga fashewa. Safaya kuwa, 'yar siririyar nan mai son 60, ko rabi ba ta kai ba. Da na dogara da ita, da na sha mamaki.

Abin da ya fi burge ni shi ne kana saita lambar da kake so, yana kaiwa ya tsaya da kansa.

Mun ci fiye da rabin hanya na ji sitiyari na ja gefe. Ƙusa ce, ta nutse har kai, iska na tsiyaya a hankali. Ban cire ta ba. Na bar injin a kunne don kada batir ya zube, na cika tayar, muka lallaɓa. Sau biyu na ƙara kafin mu iske mai faci. Yara ko sauka ba su yi ba, auta ma barcinta take.

Famfon yana da nasa aibin. Ƙararsa kamar injin niƙa, yana rawa a ƙasa sai ka taka shi da ƙafa. Bayan minti goma bututun ya yi zafin da ba ya taɓuwa, dole ka bar shi ya huce. Wayar da ƙyar take kaiwa tayar baya, sai na zaro ta ta tagar baya. In ka zo kwance bakin bututun daga taya kuma, sai iska ta ɗan kufce, don haka nake ƙara ɗaya a kan lambar.

Ga mai babbar mota, zai jira har ya gaji. Ga ƙaramar mota irin tawa, ya samu gurbi a but, kusa da jak. Uwargida ba ta ce komai ba da muka iso, kallo ɗaya ta yi mini.