Gargaɗi ga 'yan kasuwar Damagaram game da mai sayar da ruwan inabin jabu

Ina rubuta wannan ne cikin ɓacin rai, domin duk mai shago a Damagaram, da duk mai karɓar aikin abinci da abin sha na biki, ya san cewa akwai wani mutum da yake yawo da kwalaben ruwan inabi ja da fari, yana cewa daga ƙasar Sifen aka kawo su kuma babu barasa a ciki ko ɗigo, alhali abin da yake cikin katan ɗinsa zoɓo ne da sukari da ruwan da Allah kaɗai ya san inda aka ɗebo shi. Ni jikka 480 ya karɓa a hannuna, wato sefa 480,000, kuɗin katan 40 masu kwalba shida-shida, kuma rabin kuɗin nan ma ba nawa ba ne, na wata baiwar Allah ce da ta ba ni amanar shagalin auren 'yarta.

Masu cewa wai na ga araha ne na rufe ido, su saurara da kyau. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin cin abinci na wani otal a Yamai kafin in dawo gida in buɗe shago kusa da kasuwar Dole, kuma ko da yake barasa ba ta taɓa shiga bakina ba, ruwan inabi marar barasa na san shi, na zuba wa baƙi shi, na ɗanɗana shi iri-iri. Na san cewa ruwan da ake matsowa daga yawancin inabi ba shi da launi mai duhu, jan yana fitowa ne daga ɓawon idan an bar ruwan ya jiƙu tare da shi, kuma daga ɓawon nan da ƙwayoyin ciki ne ake samun baurin da yake kama harshe da dasashi, irin wanda mai cin goro ya sani. Farin kuwa matse shi ake yi a raba shi da ɓawo tun da wuri, shi ya sa ba shi da wannan bauri, sai tsami mai wartsakarwa da ƙamshi mai sauƙi. Wanda ya san wannan ba a yaudararsa da launi kawai, kuma mutumin nan bai yaudare ni da launi ba.

Kwalba biyu ya kawo mini a cikin kula da ƙanƙara, ya buɗe su a gabana da hannunsa, na ji ƙarar murfin lokacin da ya karye. Jan an rubuta Merlot a jikinsa, wato sunan wani irin inabi. Na zuba a kofin gilashi na ɗaga shi wajen haske, launinsa ja ne mai duhu amma garau, ba gurɓatacce ba, ƙamshinsa na nunannun 'ya'yan itace ne ba na turaren kanti ba, da na kurɓa sai na ji yana da ɗan nauyi a baki, zaƙin ya fara zuwa, tsamin ya biyo baya, sannan baurin ya zauna a harshe bayan na haɗiye. Farin na inabin Muscat ne, mai ƙamshin furanni da na inabin kansa, ruwansa ɗorawa-ɗorawa, ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasan kofi a jere ba su tsaya ba. Har yanzu idan na rufe ido ina ganin yadda ya jingina da kanta yana kallona ina kurɓa, yana murmushi, yana cewa, "Alhaji, kai ka san kaya, shi ya sa ban je wurin kowa ba sai wurinka." Wannan maganar ce take hana ni barci. Kayan da na ɗanɗana na gaskiya ne, ko a gaban alƙali zan faɗi haka, kuma duk wanda aka ba wa waɗannan kwalabe biyu zai saya.

Tun kafin ranar ma, ko kuma a ranar ce da yamma ta WhatsApp, na yi masa tambayar da ba kowane mai shago ne zai yi ba. Na ce masa, wannan ruwan inabi ne da ba a taɓa tsima shi ba, ko kuwa wanda aka tsima ya zama giya sannan aka cire barasar? Domin iri biyu ne. Na biyun ana ɗumama shi ne a cikin na'urar da aka zuƙe iskarta har barasar ta tashi ba tare da an dafa shi ba, kuma dokar Tarayyar Turai ta yarda a kira shi wanda aka cire wa barasa matuƙar abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba. Wannan irin ba shi da zaƙi sosai, ya fi tsami, kuma a baki yakan zama tsararo saboda barasar ce take ba giya nauyi. Mutanenmu da yawa ba sa natsuwa da shi, ni ma ba na kai shi gidan biki. Ya amsa mini daidai, ya ce nasa matsattsen ruwa ne da aka dafa aka rufe, ba a tsima ba. Ɓarawon da ya san wannan bambanci ya daɗe a cikin sana'ar.

Jikka 12 ya sa wa katan, kwalba ta tashi a jikka 2 ke nan, farashin da bai yi arahar da za ta sa mutum zargi ba. Na tura masa jikka 300 tukuna, ranar da kaya suka iso a bayan wata mota na cika masa 180 a hannu. Jikka 300 da jikka 180. Katan biyu ya sauke da kansa ya farke, na zaro kwalba daga kowanne na duba, na gaskiya ne, sauran 38 yaransa suka jera a sito yana ta yi mini hirar wahalar hanya da kuɗin duwan.

A gidan biki abin ya tonu. Kwalbar farko da aka buɗe ta yi tsartuwa har kan mayafin wata baƙuwa, wari mai tsami ya tashi, jan da aka zuba ya rina kofi ya bar gari-gari a ƙasa, babu bauri, babu ƙamshin inabi, sai zaƙin sukari da tsamin zoɓo. Farin ruwa ne da sukari da ƙamshin lemon kwalba, kumfarsa ta mutu kafin a kai kofi baki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ruwan sukarin da ba a dafa an rufe da kyau ba, idan ya zauna a zafin garin nan da yake haura 40 a watannin bazara, yis ɗin da yake cikinsa yakan cinye sukarin ya mayar da shi barasa da iska, wato abin da na guda tun farko shi aka ɗora mini na kai gidan mutane. Hajiya, uwar amarya, ta kira ni gefe ta ce, "Malam, me ka kawo mana?" Wallahi ban sami amsa ba.

Daga baya na zauna na bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Kwalaben na asali ne, tsofaffi da aka tsinto aka wanke, murafan an mayar da su an naɗe da takardar ado mai ƙyalli, wasu takardun jiki sun karkace, wasu kwanan watan ƙarewarsu an goge. Lambarsa a kashe take tun daren bikin, shagon da ya ce yana da shi a Zango na je, mai tela ne a ciki, bai taɓa jin labarinsa ba. Na mayar wa Hajiya kuɗinta daga aljihuna, na kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma hotunan hirarmu da rasiɗin jikka 300 da hotunan kwalaben duk suna wayata, zan ɗora su da zarar an ba ni izini.

Kada ku biya kuɗi a kan kwalbar da mai kaya ya zaɓo muku. Ku zaro da hannunku daga katan na ƙasa, ku buɗe, ku kurɓa, idan ja ne babu bauri ku bar masa kayansa. Katan 38 suna nan jibge a sitona, ba na iya sayarwa, kwalaben suna fashewa ɗaya-ɗaya da rana, kuma mutumin nan yana wani gari yanzu da kularsa da jikka 480 ɗina.